Tsingaron Tsohon Gari

Shekarar da aka karɓe fam da sule aka ba mu naira, ina goyon Habu, ɗana na uku. Kafin nan da kaɗan aka ce motoci su koma ɗaya hannun, bayanta kuma aka yi farin da Fulani suka riƙa sakin saniya a kuɗin tunkiya. Ba a daɗe da wannan ba ruwan dam ɗin Tiga ya taso ya ci garinmu. Habu ya fara tafiya a lokacin, bakinsa bai buɗe ba tukuna. Ku da kuka yi boko sai ku lissafa. Ni da haka nake riƙe shekaru, kuma ban taɓa ɓata ba.

Abin da ya sa na ce a zauna a rubuta wannan, rannan na ji ɗaya daga cikinku tana kallon wata mata a waya tana ginin tukunya, tana cewa ai wannan wasan yara ne, laka ce kawai a murɗa. To ku matso kusa. Ni ce Hansai mai tukwane, kuma duk wadda ta sha ruwan sanyi a unguwar nan kafin zuwan firji, a randata ta sha.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shi ne tsince tsakuwa. Gwaggo Yalwa, yayar babana, ita ta riƙe ni, ita ta koya mini. Ta zube mini yumɓu a tabarma ta ce in fitar da duk abin da ba yumɓu ba. Na tsince, na kai mata. Ta cusa hannu sau ɗaya ta zaro tsakuwa kamar ƙwayar dawa, ta ɗora mini a tafin hannu, ta ce, “Wannan ita za ta fasa randar da kika kwana biyu kina gini. Koma.” Daga tsinta na koma taka yumɓu da ƙafa, har duga-dugaina suka tsattsage. Sai da ƙirjina ya fara fitowa kafin ta yarda na gina kaskon shan ruwan kaji.

Kayan aikinmu ba su cika ƙwarya ba. Akwai tsohuwar tukunya da ake kifewa, a barbaɗa mata toka, a shimfiɗa yumɓu a bayanta a yi ta bugu har gindin sabuwa ya fito. Akwai abin bugun, shi ma na gasasshen yumɓu, mai kama da dunƙulen hannu. Sai sakaina ta kankara, jiƙaƙƙen tsumma na fitar da baki, murɗaɗɗiyar igiyar kaba da ake mirginawa a kafaɗar tukunya don ado, da ɗan dutse mai santsi na goge jiki. Shi ke nan. Sauran duk a yatsu yake. Hannu ɗaya a ciki, ɗaya a waje, suna jin kaurin bango a tsakaninsu, ke kuma kina zagaya randa da baya-baya, a sunkuye, har kanki ya fara juyawa. Wadda ta ce wasa ne ta zo ta zagaya sau goma in gani.

Yumɓun garinmu kuwa, Allah ya yi masa albarka. A gaɓar kogi ake haƙo shi, baƙi-baƙi, da wani ƙyalli a jikinsa kamar an zuba masa garin madubi. Ba ya son komai sai ruwa da ƙafa. Ba mu taɓa sanin ana gauraya yumɓu da wani abu ba, don namu bai taɓa nema ba. Bayan an yi mini aure a cikin gari, aikin ya rabu uku. Malam, maigidana, shi ke ɗauko yumɓu a mangala bisa jaki. Ni ke gini a tsakar gida. Gwaggo, da yatsunta suka fara ƙagewa, ita ke zama a kasuwa. Kuma ba a sayen tukunya sai Gwaggo ta ɗaga ta, ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ta kara kunne. In ta ce “ɗauki,” an ɗauka. In ta ajiye ba ta ce komai ba, ko kyauta ba mai so. Ku riƙe wannan: hannun nawa ne, amma bakin Gwaggo mutane ke saya.

Ranar tashi, a manyan motoci aka kwashe mu. Kowace mace ta naɗe tukwanenta da zannuwa da ciyawa, amma hanyar ba hanya ba ce. Duk ramin da mota ta faɗa sai ka ji ƙas, sai wata ta yi salati. Da muka sauka a wannan tudun na ƙasar Tudun Wada, abin da ya iso lafiya bai kai abin da ya fashe ba. Bayan kowane gida sai da aka yi tarin tsingaro.

Zaman farko abin dariya ne yanzu. Mata suna tambayar juna ina gabas kafin su ta da sallah. Mu da muka saba tsoma tulu a kogi, ga mu a bakin rijiya muna jan guga har kafaɗa ta sage. Ba mu san inda ake itace ba, ba mu san gonar wa za a ratsa ba a yi faɗa. Ni kuma komai sai na taɓa. Ƙasar da na gani sai na murza, in sansana, in ɗan sa a harshe. A haka Ladi ta same ni a bayan danga. Ladi 'yar Ba'awa ce da aure ya kawo ta nan tun kafin zuwanmu, gidansu na jikin namu, bakinta kuma ba ya hutawa.

Ta ce, “Ke ta-ruwa, yunwar ce ta kai ki cin ƙasa? Ki zo in ba ki tuwo.”

Na ce, “Yumɓu nake nema. A ina maginanku suke ɗiba?”

Ta ce, “Wane magina? Mu nan sai fatake sun kawo. In sun makara mu yi ta liƙe tsohuwa da ƙaro.”

Da na ji haka na san akwai abinci a garin nan. Washegari ta nuna wa Malam wani kududdufi a gangaren gonarsu, ya ciko mangala.

Randar farko da na gina da yumɓun nan, na ɗauka na tsinci dami. Ja ne, mai laushi, yana bin hannu kamar man shanu. Bakin randar ya fito sumul, ban taɓa fitar da irinsa ba ko a gida. Na ajiye ta a inuwa. Kafin ta bushe sai ga tsaga daga baki har ciki, kamar an ja da wuƙa. Na ce iska ce, na rufe ta biyu da tsumma. Ta tsage a gindi. 'Yan ƙananan da suka tsira muka kai bayan gari, muka jera a rami, muka lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu, muka sa wuta bayan la'asar da iska ta kwanta. Wuta ba ta gama kamawa ba muka fara jin fas, fas, kamar ana gugguru. Ladi da ta biyo mu kallo ta ce, “Haka ake yi, ko yau ne kawai?”

Na shiga gwaji. Na zuba yashin hanya, tukunyar ta tsira daga wuta amma tana yoyo kamar rariya. Na zuba ƙaiƙayi, ta fito da ramuka. Na zuba toka, yumɓun ya ƙi haɗuwa. Kowane gwaji sai in yi 'yan ƙananan kasake, in yi wa kowanne alama da farce don in san abin da ke cikinsa. Malam ya ce jakinsa ya fara gane hanyar kududdufi da kansa, amma har yau bai ga abin da ake samu ba.

Gwaggo ce ta kawo maganin, ba da niyya ba. Wata safiya ta ɗauko ɓarin wata tukunyarta da ta fashe a mota, ta sa a turmi ta daka har ya zama gari. Ta zo inda nake taka yumɓu ta watsa, ta ce, “Ƙasar nan ba ta san mu ba. Bari ta ji ƙanshin tamu, ko ta yi mana kara.” Na yanki wajen da garin ya fi yawa na gina ƙaramar tukunyar miya. Ba ta tsage ba. Ta shiga wuta ta fito. Na yayyafa mata ruwan makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa, da zafinta, ta yi duhu tana sheƙi. Gwaggo ta ɗaga, ta ƙwanƙwasa, ta daɗe da kunne a jikinta. Ta ce, “Ɗauki.”

Daga nan na gano ma'auninsa da kaina. In garin tsingaron ya yi kaɗan, tsaga. In ya yi yawa, yumɓun ya ƙi miƙewa. In ya yi laushi kamar garin tuwo, bai yi komai ba. Sai an bar shi da ɗan tsaki-tsaki. Na randa ya fi na tukunyar miya gauri, don randa ana son ta riƙa tsatsafo kaɗan, shi ke sanyaya ruwa. Da na daidaita, aiki ya buɗe. Mata suka riƙa kawo tsingaron bayan gidajensu a ƙwarya, a ba su tukunya. Gwaggo ta samu wurin zama a kasuwar Tudun Wada, kusa da masu tabarmi. Mutanenmu in sun zo saye tambaya ɗaya suke yi: “Gwaggo, akwai gida a ciki?” Ta ce, “Akwai.” Har 'yan garin, da ba su taɓa ganin garinmu ba, suka koyi tambayar. Ta hanyar tukwanen nan muka san mutane. Na san mai yawan baƙi daga girman tukunyar da ta aiko a yi mata, na san gidan da za a yi haihuwa daga kaskon wuta da tukunyar ruwan wanka. Aka daina ce mana mutanen ruwa, aka koma cewa unguwar magina.

Sai dai tsingaro ba ya haihuwa. Tarin bayan gidaje ya yi ƙasa, ya ƙare. Muka koma tonon inda aka zubar da shara a shekarun farko. Za ku ce, to ba ga naku tukwanen da ke fashewa a wuta ba? A nan al'adarmu ta tare hanya. A garinmu, duk abin da ya fashe a wuta ba ya kwana kusa da yumɓu. Ana kwashe shi a kai nesa a binne, don an ce fashewa tana yaɗo kamar ƙyanda. Haka Gwaggo ta gada, haka na tashi na gani, kuma ko a mafarki ban taɓa tunanin in daka shi ba. Ita kuma Gwaggo ta tsaya a kan cewa ba tsingaro ke aiki ba, albarkar ƙasar gida ce. Duk wani tsingaro da ba daga can ya zo ba, baƙo ne, ba shi da abin da zai ba yumɓu.

Shekarar da muka sha wuya ita ce wadda farin ɗango suka cinye gero yana cikin fitar da kai. Hatsi ya yi tsada, abin da tukwane ke kawowa shi ne tuwon gidanmu, kuma a lokacin ne garin tsingaron ya koma ɗan abin da ke gindin ƙwarya. Na riƙa rage ma'auni don ya kai mu. Gashi guda cur, na wata da watanni, ya tashi a banza. Muna tsaye muna jin su suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, manyan randunan da mutane suka riga suka sa rai. Gwaggo ta daina zuwa kasuwa, ta ce ba za ta ce “akwai” a kan abin da babu ba. Malam ya fara maganar mu koma bakin dam a Tiga, shi ya shiga kamun kifi kamar ƙannensa, ni in koyi banda. Wato wani sabon tashi ke nan, bayan mun san gabas, mun san rijiya, mun san maƙwabta.

Wata hantsi ina shara sai na ga Gwaggo tana mirgino randarta daga ɗaki. Babbar randa ce da uwarta ta gina, ita kaɗai ce babba da ta iso lafiya a duk unguwar, don a cinyarta ta riƙe ta a mota. Ta juye ruwan, ta tsayar da ita a tsakar gida, ta ɗauko taɓarya.

Na ce, “Gwaggo, lafiya?”

Ta ce, “Wannan za ta kai mu kaka.”

Na riƙe taɓaryar. Na ce, “In kaka ta wuce fa? Me za mu fasa?”

Ta ce, “Sakar mini, 'yar nan. Ba a haifi wanda zai hana ni ba.”

Na ce, “Ki ba ni gashi ɗaya. In bai yi ba, ni da hannuna zan fasa miki ita.”

Gaskiya a lokacin ban san abin da zan yi ba. Ina dai da wata tambaya da ta daɗe tana cina. Hayaniyarmu ta jawo Ladi, ta leƙo ta kan danga da ɓarin tulu a hannu. Tulun da na gina mata ne shekarun baya, ta yi ta ɗiban ruwa da shi, a safiyar nan jakinsu ya yi harbi ya raba shi.

Ta ce, “In faɗan fasa abu kuke yi, ga wanda an riga an fasa. Ta-ruwa, sai ki yi mini wani, kuma kar ki ce mini babu gida.”

Na karɓi ɓarin na juya shi. Jan yumɓun kududdufi ne, ya gasu, ya yi aiki, bai mutu a wuta ba. Na daka kaɗan. Na ɗebo ragowar na gida a gindin ƙwarya, na zuba wannan a tafin dama, wancan a na hagu. Na murza: gaurinsu ɗaya. Na tauna: ƙaras ɗinsu ɗaya. Na zuba kowanne a ruwa: duk suka kwanta, ba wanda ya narke ya koma laka. Nan na ce a raina, ashe abin da yumɓun nan ke so shi ne abin da ya riga ya ga wuta, ba zai ƙara tsukewa ba, ya riƙe shi kada ya ja jikinsa ya tsage. Ko daga ina ya zo.

Na faɗa wa Gwaggo a fili, ban ɓoye ba. Ta ce, “Baƙon tsingaro? To ki gina. Amma kar ki miƙo mini.”

Ladi ta zama mai yi mini yawo. Ta bi gidajen 'yan gari tana tambaya wa ke da fasasshiyar tukunyar Hansai, tana ce musu za a yi magani da ita. Ta tara mini kwando. Na zaɓi waɗanda suka yi aiki suka fashe a hannun masu su kaɗai, na daka, na tankaɗe, na taka. Na gina randa ɗaya babba, da tulun Ladi, da tukwanen miya. Suka bushe ba tsaga. Ranar gashi mata suka cika bakin ramin, har da masu cewa sun zo yin itace. Malam ya sa wuta. Kara ya ci, kashin shanu ya yi ja, muna ta kasa kunne. Ba mu ji komai ba sai ƙarar wuta. Na zaro su da doguwar sanda rana ba ta faɗi ba, na yi musu makuba.

Amma fitowa daga wuta ba ita ce sayarwa ba. Kowa ya yi tsaye yana duban Gwaggo, da ke zaune a kan kututture can gefe, ta juya mana kafaɗa. Da randar ta huce, ni da Ladi muka ɗauka muka dire a gabanta. Ban ce ta ƙwanƙwasa ba. Ta daɗe tana kallon wani wuri. Can hannun ya tafi da kansa, kamar yadda ya saba. Randar ta amsa, ƙara mai tsawo, tas. Ta sake bugun kafaɗa, ta bugi gindi. Ta ɓata fuska.

Ta ce, “Tsingaron wa kika ce kin sa?”

Na ce, “Na tulun Ladi, da na wasu tukwanen da na gina a nan.”

Ta ce, “Shi tulun Ladin, da me kika gina shi?”

Na ce, “Da tsingaron gida, Gwaggo. Lokacin muna da shi.”

Ta shafa bakin randar da tafin hannu. Sai ta ɗaga murya yadda na bayan ma za su ji, ta ce, “To me kuke ta kallo? Ai jika ce. Uwarta 'yar gida ce. Ɗauki.”

Ni na san ko da tulun fatake na daka, haka za ta yi ƙara. Daga baya ma na gwada, ta yi. Amma ban ja da Gwaggo ba, don ban ga abin da zan ƙaru da shi ba. Ranar kasuwa ta koma wurinta kusa da masu tabarmi, aka tambaye ta ko akwai gida a ciki, ta ce akwai, jika ce. Malam bai ƙara ta da maganar bakin dam ba. Randar uwarta ta koma ɗaki aka cika ta da ruwa, a cikinta ta sha har ta bar duniya. Wanda ya fashe a wuta kuwa, har yau binne shi nake yi. Ban gwada ba, kuma ba zan gwada ba. Wani abin a bar wa masu shi.

Gwaggo ta rasu shekarar da aka kawo mana famfon tuƙa-tuƙa. Malam ya bi ta bayan auren Habu. Cikin matan da suka tsaya a bakin ramin nan, na duba na sake dubawa, saura Talatu matar mai unguwa, da ke wajen ɗanta a Doguwa, an ce ba ta gane mutane sosai. Sai Ladi. Tana nan bayan dangar nan, idonta ya tafi amma bakin yana nan. Duk bayan kaka sai ta aiko a ce mini ta-ruwa ta ba ta tulunta, kuma ba ta taɓa biya ba. Ta ce duk tukwanen unguwar nan zuriyar tulunta ne, ba a karɓar kuɗi a hannun kaka. Ni kuma ina gina mata.